Hukuncin Kai Ƙarar Jami'an da Suka Tsare Mutum a Madadin Wani

Tambaya:

Ni mazaunin Zuru ne. Ƙanena ya karɓi dawa bashi a hannun wani ɗan kasuwa, ya kasa biya, ya bar gari. Sai jami'an tsaro suka zo suka tafi da mahaifinmu a madadinsa. Kwana biyar ya yi a tsare ba a kai shi kotu ba, sai da muka ba da kuɗi aka sake shi. Yanzu kuma ana cewa za a gurfanar da shi da laifin cin amana. Ina so in kai ƙara, amma dattawa sun ce mu bar wa Allah, tona asirin mutum ba kyau. Shin zan yi laifi idan na kai?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Babu laifi a kanka. A aya ta 148 ta Suratun Nisa'i, Allah Ya yi wa wanda aka zalunta izinin bayyana abin da aka yi masa, kuma aya ta 41 ta Suratush Shura ta ɗauke zargi daga wanda ya nemi haƙƙinsa. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum bai zama giba ba, na farkonsu shi ne kai kuka gun mai mulki ko alƙali. Yafiya tana da falala, amma haƙƙin mahaifinka ne, shi zai yafe ko ya nema. Idan kuma shirun zai sa gobe a kama uban wani, to kai ƙarar ya fi.

Musulunci bai hana tsare wanda ake tuhuma ba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa tsare wani mutum saboda tuhuma. Sai dai wanda ake tuhumar ne aka tsare, ba ubansa ba, domin Alƙur'ani ya tabbatar cewa ba a ɗora wa wani nauyin laifin wani.

Dokar ƙasa ma ta dace da wannan. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, ta kuma hana kamu saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a cikin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Ya kuma ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Sashe na 46 ya ba shi damar shigar da ƙara a Babbar Kotu. Kana iya rubuta koke zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda a Birnin Kebbi, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Idan an riga an gurfanar da shi, Antoni-Janar na jiha yana da ikon karɓe shari'ar ko dakatar da ita a ƙarƙashin sashe na 211, don haka lauya ya rubuta masa. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Amma ka ji tsoron Allah a cikin takardar. Rubuta ranar kamu, ranar saki, adadin kuɗin da wanda ya karɓa, da shaidun da suka gani da idonsu. Kada ka ƙara ko kwana ɗaya, kada ka ce an doke shi alhali ba a doke shi ba, kada ka sa sunan jami'in da ba ya wurin. Da yawa a nan suke zamewa, wanda aka zalunta ya koma azzalumi.

Kuɗin da aka tilasta muku bayarwa, zunubinsa yana kan mai karɓa. Bashin dawa kuwa yana nan a wuyan ƙaninka, zaluncin da aka yi muku bai sauke shi ba. Ku neme shi ya dawo ya biya, ko ku zauna da mai dawar a yanka lokacin biya.

Wallahu a'alam.