Ƙwai bai san Asabar da Lahadi ba

Yau zan ɗan yi bayani ga masu tsara jadawalin gona a kwamfuta, musamman da manhajar Microsoft Project.

Lissafin kwana iri biyu ne a cikinta: ranakun aiki da ranakun kalanda. In ka rubuta 21d, ita a wajenta ranakun aiki kake nufi, Litinin zuwa Juma'a, awa 8 kullum. Sai ta tsallake Asabar da Lahadi.

To ga matsalar. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi ya ƙyanƙyashe, ba ruwansa da hutun ƙarshen mako. In ka zuba ƙwai a inji ran Litinin ka rubuta 21d, ranar da za ta nuna maka ta wuce ta gaskiya da mako guda cur. 'Yan tsaki su fito, ba ka share ɗaki ba, ba gawayi, ba abinci, sanyi ya yi maka ɓarna.

Maganin mai sauƙi ne: rubuta 21ed. Wannan ed ɗin yana ƙirga kowace rana, dare da rana.

Ni ga yadda nake rabawa. Aikin da mutum ke yi da hannu, kamar ginin keji ko haƙa kududdufin kifi, ina sa d. Abin da ke tafiya da kansa, kamar ƙyanƙyasa, girman tarwaɗa, ranar daina juya ƙwai a kwana 18, da ranakun rigakafi, ina sa ed.

Duba jadawalinka yau, wanne ka sa? Allah ya sa albarka a kiwonmu.