Dokar Newton da Motar Rake

A lokacin saran rake, manyan motoci kan fito daga Makarfi da Kudan da Ikara maƙare da kaya. Me ya sa irin wannan mota ba ta tsayawa nan take idan an taka birki?

A shekarar 1687, masanin Ingila Isaac Newton ya bayyana cewa abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tare shi. Wannan shi ne aikin birki. Amma idan gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa takan ninka huɗu. Misali, motar da ke buƙatar mita 10 a gudun kilomita 40 cikin awa, mita 40 za ta ci a gudun 80.

Ɗalibin da ya fahimci wannan lissafi ba zai yi gangancin tsallaka titi a gabanta ba.