Miƙa Wuya a Dutsen Mora

Idan ka tashi daga birnin Bauchi, ka nufi gabas, ka wuce Maiduguri da Bama, ka ƙetare iyaka a Banki, za ka iso garin Mora a ƙasar Kamaru. Kusa da garin akwai wani dutse mai wuyar hawa. A kansa ne yaƙin Jamusawa a Kamaru ya ƙare.

Ka sani, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Kamaru tana ƙarƙashin mulkin Jamus. Da yaƙi ya ɓarke a watan Agusta 1914, Turawan Ingila suka tura mayaƙa daga Maiduguri, na Faransa kuma suka zo daga Cadi. Yawancin mayaƙan 'yan Afirka ne, kuma Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya.

Kwamandan Jamusawa, Kyaftin Ernst von Raben, ya bar gari ya hau dutse da mutanensa. Aka kewaye su har kusan wata 18. Kowane hari aka kai, sai su mayar da shi. Amma yunwa ta fi harsashi ƙarfi. Abinci ya ƙare, har suka yanka dawakansu da jakunansu.

A farkon 1916, babbar rundunar Jamus ta gudu kudu, ta shiga yankin da Sifen ke mulka. Mora kaɗai ta rage. Sai Janar Cunliffe na Ingila ya aika wa von Raben sharuɗɗa: mayaƙansa 'yan Afirka za su koma gida lafiya, Jamusawa kuma za a tsare su a Ingila.

To, kai ne von Raben, me za ka yi? Taimako ba ya zuwa, mutane suna mutuwa. Ya nemi kuɗin da zai biya mayaƙansa albashinsu, aka ba shi. Ranar 18 ga Fabrairu 1916 ya miƙa wuya.

Lura da wannan: miƙa wuya shi ne ajiye makami a amince da ikon abokin gaba. Ba gudu ba ne. Mai gudu kansa yake ceta. Von Raben kuwa sai da ya ga mutanensa sun tsira.

Tambayoyi
1. Me ya tilasta wa von Raben miƙa wuya?
2. Waɗanne sharuɗɗa aka ba shi?