Hasken rana, launi, da ƙwarin wake



An gama roron wake, kowa ya kai nashi gida. Amma ba waken kaɗai munka shigo da shi ba. Ƙwari sun aza ƙwansu bisa kwanso tun a gona. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda, ta shige cikin ƙwaya tana ci daga ciki. Kamin wata guda ta zama ƙwaro, ta hito, ita ma ta yi nata ƙwan. In an ƙyale su, bayan ƴan watanni sai a tarda buhu duk huji da gari. Shi ya sa da yawa ke saida wake da kaka, lokacin da ya hi arha, sannan su sayo iri da tsada gab da damana.

Rana tana iya kashe waɗanga ƙwari. Amma shanya irin ta kullum bisa tabarma ba ta isa: manyan ƙwari su gudu, tsutsar da ke cikin ƙwaya ta zamna lahiya lau. Dan mu gane yadda za a ƙara ma rana ƙarhi, sai mun dubi hasken kanshi.

Hwarin haske ba hwari ba ne

Kowa ya san bakan gizo. Shina hitowa in rana tana bayanka, ruwa kuma shina zuba gabanka. Ba daga ruwan launukan nan ke hitowa ba, cikin hasken rana suke. Ɗigon ruwa rarraba su kawai yake yi: ja a sama, sai ruwan goro, rawaya, tsanwa, shuɗi, ruwan baba, da shuɗi mai ja-ja a ƙasa. Wani masani na Ingila, Isak Niyuton, ya gwada haka wajen shekara ta 1666 da gilas mai kusurwa uku. Ya raba hasken, ya sake gama shi, sai ya koma hwari.

To, mi ne ne launin abu? In haske ya sauka bisa abu, abin nan ya shanye wani sashe, ya maido wani. Abin da ya maido shi idonmu ke gani. Ganyen hatsi shina shanye ja da shuɗi ya yi abincinshi da su, ya maido tsanwa da yawa, sai mu ce ganye tsanwa ne. Hwarar riga tana maido kusan duka. Baƙin abu kuwa shina shanye kusan duka, bai maido kome sai kaɗan.

Ina hasken da anka shanye ke zuwa? Bai ɓacewa. Zahi yake komawa.

Ku gwada da kanku. Ku samu gwangwani biyu iri ɗaya, ku goga ma ɗaya baƙin tukunya, ɗayan ku bar shi da ƙyallinshi. Ku cika su da ruwa, ku aje a rana awa guda, sannan ku tsoma yatsa. Wannan ita ce dabarar na'urorin ɗumama ruwa da rana da anka ƙera a ma'aikatar ONERSOL ta Yamai, wadda Abdu Mumuni ya shugabanta daga 1969 zuwa 1985.

Hasken da ido bai gani

A 1800 wani masanin taurari, Wiliyam Harshal, ya raba hasken rana, ya riƙa aza ma'aunin zahi cikin kowane launi. Da ya gusa shi gaba da ja, wurin da ido bai ganin kome, sai ma'aunin ya ƙara hawa. Ashe akwai haske a wurin, idon ɗan Adam ne bai iya kama shi. Shi ne ɗumin da ke bugun huskarka in kana kusa da garwashi. Kusan rabin ƙarhin rana da ke iso mu, ta wannan ɓoyayyen haske yake zuwa.

Dangin nan na da yawa. Abin da ke kawo maku shirin manoma cikin akwatin rediyo ɗan gidansu ne, haka wanda likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Dukansu tahiya suke kamar igiyar ruwa, tsawon igiyar ne ya bambanta, kuma gudunsu ɗaya: kilometir 300.000 cikin sakan guda. Daga rana zuwa nan, minti 8 da ɗan kai. Ƙara kam ba danginsu ba ce, iska ke ɗauke da ita, sai ta yi sakan 3 kamin ta ci kilometir guda. Dan haka ne ake ganin walƙiya kamin a ji tsawa.

Mu koma ga wakenmu

Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka sun tarda cewa zahin digiri 57, in ya daɗe awa guda, shina kashe ƙwaron wake duka: ƙwai, tsutsa da babba. Su da abokan aikinsu na Marwa, a arewacin Kamaru, sunka hiddo wannan dabara wajen 1990. Ga yadda ake yi.

A zaɓi hili inda babu inuwa. A baza busasshen haki da kauri. A shimhiɗa baƙar leda bisanshi, metir 3 tsawo, metir 3 hwaɗi. A zuba wake kilo 50, wato kamar tiya 20, a baje shi sosai, kar a bar tudu. A ruhe da leda garau, wadda ake ganin abu ta cikinta. A gama bakin ledojin biyu, a naɗe, a danne da duwatsu. A bar shi awa 2 da tsakar rana.

Kowane abu da aikinshi. Baƙar leda tana shanye haske ta maida shi zahi. Ta sama tana barin haske ya shiga, ta hana iska mai zahi hita, ta kuma hana iskar waje hurawa. Haki shi ke hana ƙasa ta sha zahin, kuma shi ne mutane sunka hi renawa. Wanda ya shimhiɗa ledarshi bisa ƙasa tsura, ƙasa ya ɗumama, ba wake ba. Kar kuma a juya ledojin: in baƙar ce a sama, ita za ta yi zahi, wake shina ƙarƙashi cikin inuwa.

Sai wake ya bushe ƙayau kamin a sa shi. In kun ga raɓa ta taru ƙarƙashin ledar sama, da sauran danshi, a buɗe a ƙara shanya. Ranar da hazo ya ruhe rana, a dakata, dan ƙura tana tare haske tun a sama. Gwajin da anka yi ya nuna busasshen wake bai rasa tsironshi da awa 2 ɗin nan, dahuwarshi ma ba ta sakewa. Duk da haka, in iri ne, ni shawarata kar a wuce lokacin, kuma a shuka ƙwaya 20 cikin kasko a ga tsironsu kamin damana.

Rana tana kashe ƙwarin da ke ciki yau, ba ta tsare wake daga na gobe. Da ya huce, a zuba shi nan take cikin tano mai marhi ko jarka mai tsabta, a cika har baki, a toshe. Mai hali ya sa shi cikin buhun PICS mai riɓi uku, wanda anka hwara bazawa a ƙasarmu daga 2007. Kar a maida shi cikin tsohon buhun bara, nan ƙwarin ke jira.