Danjar Keke Mai Kunna Kanta

Duk wanda ya bi titin filin jirgin sama na Abuja bayan sallar magariba, daga Ƙofar Birni zuwa Kuchigoro, ya san irin gudun da motoci ke zubawa a wannan hanya. A gefenta kuma ga masu keke: magina, masu gadi da 'yan tallar yogot suna komawa gida cikin duhu. Direba ba ya ganinsu sai ya zo daf da su. Ko a shekarar 2001, lokacin da ministan sufuri Ojo Maduekwe yake yekuwar hawa keke, bas ta tura shi cikin kwalbati a Abuja. To, ina ga talaka?

Bahaushe ya daɗe da sanin jar fitilar baya, shi ya sa ya kira ta "danja", kalmar da ya aro daga Turanci ya mayar da ita tasa. Sai dai danjar tsohon keke gilashi ce kawai, ba ta haske sai fitilar mota ta haske ta. Ta zamani kuwa tana da batiri da ake yi wa caji kamar waya. Wadda muke magana a kanta tana da 'yan na'urori biyu a cikinta. Ɗaya tana jin motsi: da an taka feda sai ta kama, in an ajiye keke na ɗan lokaci ta mutu da kanta. Ɗayar tana gane duhu. Wasu ma suna ƙara haske idan mahayi ya taka birki, kamar dai danjar mota.

Wajen saye, mai karatu ya duba ko an rubuta IPX4 a jikin kwalin, alamar cewa tana jure yayyafi da fantsamar ruwa. Ya tambayi sa'o'in da caji ɗaya ke ɗauka, domin wutar lantarki ba kullum ba ce. Ya kuma fifita wadda ake iya kunnawa da hannu, saboda na'urar gane duhu tana ruɗewa a ƙarƙashin fitilun titi, ta ɗauka gari ya waye. Lokacin hunturu kuwa, hazo yana ɓoye mai keke ko da rana, alhali ita tana ganin akwai haske.

Kuskuren da na fi gani shi ne wurin ɗaurawa. Ana manna ta a ƙarƙashin sirdi, sannan a ɗora buhu ko jarka a kan kariya, kaya su rufe ta ruf. Mai ɗaukar kaya ya ɗaura ta a ƙarshen kariya, ta fuskanci baya sosai. Da dare a bar ta tana ci ba ƙyaftawa, domin ta haka ne direba ke iya auna tazarar da ke tsakaninsa da keken. Ƙura kuma a riƙa share ta da tsumma kowace safiya.