Kaji Nawa Akurki Ɗaya Zai Ɗauka?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Bodinga ta Jihar Sakkwato ya aiko mana da takarda, ya ce shi ɗan tireda ne, yana da akurki a bayan gida mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 6. Da kaji 12 ya fara, suna nan lafiya lau. Da ya ga Sallah ta matso, sai ya bi kasuwannin ƙauye ta wajen Shagari ya sayo ƙari har suka kai 40, ya kulle su dare da rana don gudun ɓarayi da shaho. Yanzu suna ta figar juna, ƙwai ya ja baya, biyar sun mutu. Yana tambaya, shin ciwo ne ko abinci ne bai ishe su ba?

AMSA: To malam, mun gode da wannan takarda, Allah Ya mayar da alheri. Kafin ka zargi abinci, ɗauko igiyar awo mu yi lissafi tare.

Babbar kaza wadda ba ta fita, tana bukatar fili ƙafa 2 tsawo, ƙafa 2 faɗi, wato murabba'in ƙafa 4. Akurkinka 8 sau 6 ne, ya ba da 48. Raba 48 gida huɗu, ka ga 12 ke nan. Ashe tun farko ka cika shi daidai, sauran 28 ɗin nan duk a kan 'yan'uwansu suke zaune. Kaji 40 sai ɗaki mai ƙafa 16 da ƙafa 10. In kuwa suna yini kiwo a waje, kwana kaɗai ke kawo su ciki, to rabin wannan awo ya isa, akurkinka zai ɗauki kamar 24.

Me ya sa muka matsa a kan fili? Ita kaza ba ta yin gumi. In zafi ya dame ta, baki take buɗewa tana haki, ta saki fikafikai don iska ta ratsa. Kai ma ka san bazarar ƙasar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40. Kazar da ba ta da wurin buɗe fiffike a irin wannan rana, sai ta rage ci, ƙwai ya ragu, mai ƙiba kuma ta faɗi matacciya. Sa'an nan cunkoso na sa kashi ya taru, ƙasa ta jiƙe, wari ya riƙa cin idanunsu da ƙirjinsu, ciwon kashin jini ya samu wurin zama. Figar junan ma daga nan take, don ƙarama ba ta da inda za ta guje wa babba.

Abin yi yanzu, ka rage su tun yau. Ko ka sayar da ƙosassu masu lafiya, ko ka kewaye wani fili da ragar waya a inuwar dogon yaro, kowace kaza ta samu kamar murabba'in ƙafa 8 na shan iska. A cikin akurki ka gitta sandunan kwana, taƙi ɗaya ga kowace kaza, da wurin saka ƙwai ɗaya ga kaji huɗu ko biyar. Shimfiɗa ɓuntun shinkafa a ƙasa, in ya jiƙe ka kwashe ka kai gona, taki ne mai kyau. In rufin kwano ne, ɗora masa zana ko kara. Ranar da za ka gina sabo, tsawonsa ya bi gabas da yamma, gefe biyu kuma su zama raga.

Amma fa tun da an yi mutuwa, kada ka tsaya nan. Kajin kasuwa kan zo da cuta, musamman annobar da likitoci ke kira Newcastle, wadda ta fi ɓarna da hunturu, kuma a cunkoso take gudu kamar wutar daji. Ware marasa lafiya, ka binne matattu, ka nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku ya duba sauran, ya yi musu rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin maganin rigakafin. Nan gaba kuma duk kazar da ka sayo, ka tsare ta ita kaɗai mako biyu kafin ta shiga cikin naka.

Kaji 20 masu rai ranar jajibere sun fi 40 da ka ƙirga a baki. Allah Ya ba da sa'a, sai mun sake jin ka.