Jumlar da ke Ɓoye Mai Aiki da Dabarar Taɓa Zuciya

Ushafa, garin Gbagyi da ke yankin Bwari, wanda ya yi suna da ginin tukwane har Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarce shi a shekarar 2000, ya cika a yau da iyalan ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda 'ya'yansu ke dawowa daga makaranta da jingar Turanci, darasin da ake neman kiredit a cikinsa a jarrabawar WAEC ko NECO kafin shiga jami'a. Cikin abin da ke wahalar da ɗaliban har da juya jumla domin karɓau, wato wanda aiki ya faɗa wa, ya zo a farko, aikau kuma, wato mai aikin, ya koma ƙarshe ko ya ɓace.

Wahalar tana da tushe a nahawu, domin Hausa ba ta juya jumla haka. Bahaushe yakan ce "mata sun gina tukunya", idan kuma bai so ambaton magina ba sai ya ce "an gina tukunya", tukunyar tana nan a mazauninta bayan aikatau, kuma babu ƙofar da mai aiki zai sake shigowa. Turanci kuwa yakan ɗauko tukunyar ya kai ta gaba, ya sa mataimakin aikatau mai nuna lokaci, ya sauya siffar aikatau, sannan ya bar damar ambaton magina a ƙarshe, shi ya sa yaron da ya taso da "an" da "aka" yake yawan mance mataimakin ko ya rikita lokacinsa.

Abin takaici shi ne yadda ake raba wannan darasi da na adabi, alhali jijiyarsu ɗaya. Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Aristotal ya kasa hanyoyin shawo kan mai sauraro gida uku: mutuncin mai magana, ƙarfin hujja, da motsa zuciya, wato tayar da tausayi ko tsoro ko fushi, kuma zaɓen wanda za a sa a kan jumla yana cikin makaman wannan ta ukun. A littafin Chinua Achebe na 1958, Things Fall Apart, Okonkwo ne da kansa ya sare Ikemefuna, yaron da ke kiransa uba, don gudun kada a ce masa rago. Ɗalibin da ya rubuta cewa an kashe Ikemefuna ya tattara tausayi a kan yaron, amma ya sauke wa Okonkwo nauyin jinin, alhali Achebe ya ambaci mai saran ƙarara domin zafin ya ninku. Don haka mai taya yaro jinga a gida, ko da Turancinsa bai yi nisa ba, yana iya tambayarsa da Hausa wa ya yi aikin a kowace jumla, kuma me ya sa marubucin ya bayyana shi ko ya ɓoye shi.